Karɓa Biyu: Nauyin da Ke Kan Sabar Idan Baƙo Ya Zo da Sirrantaccen Haɗi

 

An nemi in yi magana a kan yadda sabar take karɓar haɗin da aka sirranta, wato haɗin da ke tafiya a kan ƙa'idar TLS, wadda ita ce ke bayan makullin nan da kuke gani a burauza idan kun shiga shafin banki ko na makaranta. A littattafan koyarwa da yawa wannan babi gajere ne. A nuna maka ka ɗora satifiket, ka ɗora mabuɗi, ka kira aiki guda, shi ke nan a wuce gaba. Matsayin da zan kare a yau shi ne wannan gajarta tana yaudarar ɗalibi. Sabar tana karɓar baƙo sau biyu, kuma tsakanin karɓar farko da ta biyu akwai wani ɗan lokaci da take kashe lokacinta da ƙarfinta da ƙwaƙwalwarta a kan wanda ba ta san ko wane ne ba. Abin da mai rubuta manhaja ya yanke game da wannan ɗan lokaci, ko ya yanke shi da saninsa ko ya bari an yanke masa, shi ne ke raba sabar da za ta tsaya a intanet da wadda yaro ɗaya zai durƙusar da ita daga ɗakinsa.

Karɓar farko tsohuwa ce. Tsarin soket da muke amfani da shi ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, cikin 4.2BSD na shekarar 1983, kuma har yau matakansa ba su canza ba: a buɗe soket, a ɗaura shi a kan ƙofa mai lamba, a ce masa ya saurara, sannan a kira accept. Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a Linux, kafin accept ya dawo da komai, zuciyar tsarin aiki ta riga ta gama gaisuwar TCP mai matakai uku da baƙon, ta ajiye haɗin a layi yana jira. Aikin accept kawai ya ciro na gaba a layin ya miƙa maka. A wannan lokaci abin da ka sani game da baƙon bai wuce adireshin da ya zo da shi da lambar ƙofarsa ba. Ba a sirranta ko bayit ɗaya ba, ba a tabbatar da kowa ba, kuma babu abin da ya nuna cewa wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 443, wadda aka ware wa shafuka masu makulli, yana da niyyar yin magana da harshen TLS. Yana iya aiko da shirme, yana iya aiko da rabin saƙo, yana iya yin shiru har gobe.

Karɓa ta biyu ita ce musafaha. Kamfanin Netscape ne ya fito da asalinta da sunan SSL, siga ta 2.0 a 1995, ta 3.0 a 1996, kafin hukumar IETF ta karɓi aikin ta fitar da TLS 1.0 a 1999, 1.1 a 2006, 1.2 a 2008, sai 1.3 a watan Agusta na 2018. A siga ta 1.3, baƙo ne ke fara magana. Yana faɗin sigogin da ya iya, da salon sirrantawar da ya yarda da su, da sunan shafin da yake nema, ya haɗa da nasa kason na musayar mabuɗi irin wadda Diffie da Hellman suka bayyana a 1976. Sabar ta zaɓi siga da salo, ta mayar da nata kason, daga nan ɓangarorin biyu suka sami sirri ɗaya wanda mai leƙe a hanya ba zai iya lissafo shi ba. Sai sabar ta aika satifiket ɗinta, ta sa hannu da mabuɗinta na sirri a kan duk abin da aka faɗa tun farkon zance, don baƙo ya tabbatar ba wani ne ya tsaya a tsakiya yana kwaikwayon muryarta ba. Sai an gama wannan ne haɗin ya zama abin da za a ɗora masa kalmar sirri ko lambar asusu. Mu da muka tashi a gidaje masu zaure mun san wannan tsari. Ƙofar zaure a buɗe take, kowa na iya shiga ya yi sallama, amma shiga zaure daban, shiga cikin gida daban, kuma mai gidan da bai san abin da zai yi da mutumin da ya zauna masa a zaure ya ƙi yin magana ya kuma ƙi tashi ba, to sauran baƙinsa a waje za su kwana.

Mu fara da lokaci, domin nan ne kuskure ya fi yawa kuma ya fi sauƙin aukuwa. Tambayar da ya kamata kowane mai rubuta sabar ya iya amsawa ba tare da duba littafi ba ita ce: a wane layi na manhajata ake yin musafaha? Amsar ta bambanta daga harshe zuwa harshe. A Python, idan ka naɗe soket mai saurare da laburaren ssl ka bar saitinsa yadda ya zo, musafahar tana faruwa a cikin kiran accept ɗin kansa. Ma'ana, madaukin da ke karɓar kowa da kowa zai tsaya cak yana jiran baƙo ɗaya ya gama gaisuwa, ko da ka tanadi zaren aiki ɗari da za su kula da baƙi bayan an karɓe su. Mutum guda ya buɗe haɗi ya yi shiru, sabar ta daina karɓar kowa, kuma babu wani kuskure da zai fito a rajistarta. A Go da Java lamarin akasin haka ne: kiran karɓa yana dawowa nan take, musafahar kuwa sai lokacin da aka fara karatu ko rubutu, ko aka kira ta da gangan. Wannan ya fi aminci ga madaukin karɓa, amma yana da nasa tarko, domin ɗalibi yakan ɗauka ya riga ya sami sirrantaccen haɗi alhali ko satifiket ba a aika ba, kuma sabar HTTP ta Go, yadda take zuwa, ba ta da wa'adin karatu sai ka sa mata. A C da OpenSSL kuwa komai a fili yake, accept daban, SSL_accept daban, wanda a ganina shi ya sa ya fi dacewa da koyarwa duk da wahalarsa. Dabarar riƙe haɗi a buɗe ana ɗiga bayanai kaɗan-kaɗan har sabar ta cika ba sabuwa ba ce, manhajar Slowloris ta shahara da ita tun 2009. Maganinta kuwa ba ya buƙatar ilimin lissafin sirri ko kaɗan: a fitar da musafaha daga madaukin karɓa, a yanka mata wa'adi, wanda bai gama cikin wa'adin ba a sallame shi, a kuma iyakance yawan musafahar da ba ta kammala ba da za a riƙe a lokaci guda.

Wanda ya zaɓi soket marar jira, don zare ɗaya ya kula da dubban haɗi, sai ya san cewa TLS ta rushe wata al'ada da ya saba da ita. A TCP zalla, karatu karatu ne, rubutu rubutu ne. A TLS, kana iya kiran karatu laburare ya ce maka sai ya yi rubutu tukuna, ko ka kira rubutu ya ce yana jiran karatu, domin ƙa'idar tana da nata saƙonni da take musaya a ƙarƙashin naka. Abin da SSL_ERROR_WANT_READ da SSL_ERROR_WANT_WRITE suke nufi ke nan, kuma wanda ya ɗauke su a matsayin gazawa ya rufe haɗi zai riƙa korar baƙi na gari, musamman masu raunin netwok, waɗanda saƙonsu ke isowa gutsure-gutsure. Akwai kuma wani abu mai ɓoyewa. TLS tana ɗaukar bayanai a ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi har bayit 16,384. Idan laburare ya warware ƙunshi guda kai kuma ka karɓi rabinsa, sauran rabin yana hannun laburare, soket ɗin kuwa wayam. Ka koma ka tambayi epoll, wato kiran da ke faɗa maka wane soket ne ke da bayanai, ko akwai abin karantawa, ya ce babu, ka zauna jira, baƙo ma ya zauna jiran amsarka. Irin wannan matsala ba ta bayyana a gwajin da ake yi a kwamfuta ɗaya, sai manhaja ta fita duniya.

Bayan lokaci sai ƙarfin lissafi. Musafaha ba daidai take cin ɓangarorin biyu ba. Idan satifiket ɗin sabar na RSA ne, sa hannu ya fi tabbatar da sa hannu tsada nesa ba kusa ba, kuma sabar ce ke sa hannu. Baƙon da ba shi da niyyar kirki ma ba ya buƙatar tabbatar da komai, ya aiko da gaisuwa kawai ya watsar da amsa. A 2011 wata ƙungiyar Jamus mai suna The Hacker's Choice ta saki manhajar THC-SSL-DOS don nuna wannan, inda ta ce kafa haɗi yana cin sabar ninki 15 na abin da yake cin baƙo, kuma ta yi amfani da damar sake musafaha a kan haɗi ɗaya ta sa sabar ta yi ta maimaita aikin. TLS 1.3 ta cire sake musafaha gaba ɗaya, satifiket na ECDSA kuma ya rage tsadar sa hannu sosai. Duk da haka asalin lamarin yana nan: sabar ce ke fara biya, kafin ta san wanda take biya dominsa.

A nan wani zai ce, ai wannan duk aikin laburare ne. Masana sun rubuta OpenSSL, mu namu kira ne kawai, kuma kowa ya san an hana mutum ya ƙirƙiro nasa lissafin sirri. Rabin maganar gaskiya ne, kuma ina goyon bayansa da ƙarfi: kada ɗayanku ya zauna ya rubuta nasa TLS don amfanin jama'a. Amma sauran rabin, tarihin Heartbleed ya isa amsa. A ranar 7 ga Afrilu 2014 aka bayyana cewa OpenSSL, tun siga ta 1.0.1 da ta fito a Maris 2012, tana karɓar wani ƙaramin saƙo na duba ko haɗi yana raye, ta yarda da tsawon da baƙo ya ce saƙon yana da shi ba tare da aunawa ba, ta mayar masa da abin da ya kai kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwar sabar a kowace tambaya. Ana iya aika saƙon tun musafaha ba ta kammala ba, wato a daidai tsakanin karɓa biyun da muke magana a kai, ba tare da kalmar sirri ko wata shaida ba. Kamfanin Netcraft ya ƙiyasta sabar kusan rabin miliyan abin ya shafa, kuma cikin 'yan kwanaki masu bincike suka nuna a gasar da kamfanin Cloudflare ya shirya cewa har mabuɗin sirri ana iya zarowa. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne laburaren da ke karanta saƙon baƙo yana zaune a ƙwaƙwalwa ɗaya da mabuɗinka da bayanan mutanenka. Wace siga kake amfani da ita, cikin awa nawa za ka iya sabunta ta idan labari ya fito, da wane iko manhajar take gudana, ko tana riƙe da ikon shugaban tsarin bayan ta gama ɗaura ƙofa ta 443, waɗannan duk laburare ba zai yanke maka su ba.

Haka nan ba zai yanke maka abin da za ka yarda da shi a musafaha ba, sai dai ya ba ka abin da ya zo da shi, wanda a tsofaffin sigogi yakan zama mai faɗi fiye da kima. Sabar ce ke da kalmar ƙarshe a zaɓen siga da salo. Harin POODLE na Oktoba 2014 ya kashe SSL 3.0, harin FREAK na 2015 ya tono raunanan mabuɗai masu bit 512 da dokar fitar da kaya ta Amurka ta tilasta a shekarun 1990 aka manta da su a cikin manhajoji, kuma a Maris 2021 IETF ta yi wa TLS 1.0 da 1.1 ritaya a hukumance cikin RFC 8996. Ƙorafin da ake yi a nan yana da nauyi, musamman a ƙasashenmu: mutanenmu da yawa tsofaffin wayoyi suke riƙe da su, idan muka rufe tsofaffin sigogi mun rufe wa talaka ƙofa. Ban raina wannan magana ba, domin tsaron da ya kori masu amfani bai yi wa kowa aiki ba. Sai dai a duba abu biyu. Na farko, Android ta kunna TLS 1.2 da kanta tun siga ta 5.0 ta shekarar 2014, TLS 1.3 kuma tun Android 10 ta 2019, manyan burauzoji kuwa sun daina karɓar 1.0 da 1.1 tun 2020. Wayar da ba ta iya 1.2 ba ta riga ta rasa yawancin intanet, kuma rajistar sabarka za ta faɗa maka ko irinta nawa ne suke zuwa, ba sai ka yi hasashe ba. Na biyu ya fi muhimmanci. Harin DROWN na Maris 2016 ya nuna cewa sabar da ta bar SSL 2.0 a buɗe tana ba maƙiyi hanyar warware haɗin mutanen da suka zo da TLS ta zamani, muddin mabuɗin RSA ɗaya ake amfani da shi, ko da tsohuwar ƙofar a kan wata sabar daban take, kamar ta wasiƙu. Masu binciken sun ƙiyasta kashi 33 cikin ɗari na sabar HTTPS abin ya shafa. Saboda haka tausayin da aka yi wa mai tsohuwar waya, mai sabuwar waya ne ya biya kuɗinsa ba tare da an tambaye shi ba.

Mabuɗin sirri kansa yana da tambayar da ta wuce a ina aka ajiye shi. Tambayar ita ce, in ya fita hannunka gobe, me zai faru da zancen jiya? A tsohon salon musayar RSA, baƙo yana rufe sirrin zama da mabuɗin sabar na fili, don haka duk wanda ya naɗi zirga-zirgar shekara uku ya ajiye, ranar da ya sami mabuɗin sirri ya warware ta duka. A 2013 hukumomin Amurka suka nemi Ladar Levison, mai kamfanin wasiƙu na Lavabit wanda Edward Snowden yake amfani da shi, ya miƙa mabuɗin SSL na sabarsa. Mutum ɗaya ake nema, amma mabuɗin na masu amfani wajen dubu ɗari huɗu ne, kuma a watan Agusta na shekarar ya rufe kamfanin. Musayar Diffie da Hellman mai mabuɗin wucin gadi, wanda ake ƙirƙira don haɗi ɗaya a jefar, ita ce ke hana wannan, shi ya sa TLS 1.3 ta cire tsohon salon kwata-kwata. Amma mai sabar yana iya rushe wannan kariya da hannunsa. Don a sauƙaƙa wa baƙon da ya dawo, sabar takan ba shi tikiti da ta rufe da wani mabuɗi nata, kuma idan wannan mabuɗin tikiti ya shekara ba a canza shi ba, musamman a TLS 1.2, ya zama sabon mabuɗin da ke buɗe zancen baya. Akwai kuma damar da 1.3 ta kawo ta aika bayanai tare da gaisuwar farko ba tare da jiran amsa ba. Tana da sauri, amma takardar ƙa'idar da kanta ta yi gargaɗin cewa mai leƙe yana iya naɗar wannan saƙo ya sake aika shi. In saƙon neman shafi ne, babu laifi. In umarnin tura kuɗi ne, an tura sau biyu. Laburare bai san wane saƙo ne na kuɗi ba, mai manhaja ne ya sani.

Batun satifiket ba zan daɗe a kansa ba, domin yawancinsa kula ne. Sabar ta aika sarkar shaida cikakkiya, har da satifiket na tsakiya, domin burauzar kwamfuta takan nemo abin da ya ɓace ta rufa maka asiri, manhajar waya kuwa ta ƙi haɗi kawai. In sabar ɗaya tana ɗauke da shafuka da yawa, sunan da baƙo ya ambata a gaisuwarsa ne ke nuna wane satifiket za a ba shi, sai a tanadi abin da za a yi da wanda bai ambaci suna ba ko ya ambaci wanda ba a sani ba. Sai ƙarewar wa'adi, wadda ta kunyata manya: a Fabrairu 2020 Microsoft Teams ya tsaya na sa'o'i saboda satifiket da aka manta ba a sabunta ba. Let's Encrypt, da ta buɗe wa kowa a Disamba 2015, tana ba da satifiket kyauta na kwana 90, kuma a Afrilu 2025 majalisar CA/Browser Forum ta amince a rage iyakar wa'adi daga kwana 398 a hankali har zuwa kwana 47 a Maris 2029. Abin da wannan ke nufi ga mai rubuta sabar shi ne manhajar da sai an kashe ta an kunna kafin ta ɗauki sabon satifiket ta zama naƙasasshiya. Dole ta iya sauya shi tana gudana, haɗin da ke buɗe su ci gaba da tsohon, sababbi su sami sabon.

Ko bayan musafaha ta yi kyau, a tuna abin da aka tabbatar. Baƙo ya san sabar, sabar ba ta san baƙo ba. Ɓarawo ma yana samun sirrantaccen haɗi mai inganci kamar kowa. Inda ake son sabar ta tantance baƙo da satifiket, kamar tsakanin banki da kamfanin biyan kuɗi, akwai wani rami a OpenSSL da ya kamata kowa ya sani. Saitin SSL_VERIFY_PEER a ɓangaren sabar yana sa ta nemi satifiket, ta ƙi wanda ya kawo na bogi, amma wanda bai kawo komai ba ta bar shi ya wuce, sai an haɗa da SSL_VERIFY_FAIL_IF_NO_PEER_CERT. Mai gwaji zai gwada da satifiket mai kyau ya ga an shiga, ya gwada da marar kyau ya ga an hana, ya tafi gida da murna, bai gwada hannu wofi ba. Kuma satifiket mai inganci yana faɗin ko wane ne mutum, bai faɗi abin da aka halatta masa ba.

Akwai masu cewa duk wannan nauyi ne da ƙananan sabar ba za su iya ɗauka ba, gara a bar wasu hanyoyi a buɗe don sauri. Wannan ƙorafi ya tsufa. Tun 2010, bayan Gmail ya koma HTTPS ga kowa a Janairun shekarar, injiniyan Google Adam Langley ya bayyana cewa sirrantawar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na aikin furosesa a sabarsu ta gaba ba, ba ta kai kilobayit 10 na ƙwaƙwalwa ga kowane haɗi ba, kuma ba su ƙara ko na'ura ɗaya ba. A shekarar ce Intel ya fara sa umarnin AES a cikin furosesa, ga wayoyi masu araha da ba su da irinsa kuma akwai salon ChaCha20. Tsadar da ta rage ta gaskiya ita ce ta zuwa da dawowa. TCP tana cin zagaye ɗaya, TLS 1.2 ta ƙara biyu, 1.3 ta ƙara ɗaya. Ga mai waya a Kano ko Zinder da ke magana da sabar da ke Turai, kowane zagaye abu ne da ake ji a jiki. Amma ku lura inda wannan hujja ta kai mu: wanda ya damu da jinkirin mutanenmu, 1.3 ya kamata ya kunna, ya bar haɗi a buɗe don a sake amfani da shi, ya matso da sabar kusa da su.

Ƙorafi mafi ƙarfi na bar shi a ƙarshe, kuma na yarda da mafi yawansa. Ana cewa, me ya kai ka wannan wahala? Sa nginx ko HAProxy a gaba a matsayin wakili, ko ka ba wa kamfani irin Cloudflare, su yi musafaha, manhajarka ta karɓi bayanai a warware. Ga yawancinku wannan ita ce shawara mafi kyau, domin waɗannan manhajoji sun sha duka shekara da shekaru sun koyi wa'adi da iyaka. Sai dai wannan ya matsar da wurin karɓa biyun ne zuwa wata na'ura, ya kuma haifo da sababbin tambayoyi. Tsakanin wakilin da ke gaba da manhajarka, a sirrance bayanan suke tafiya ko a fili, kuma ta wace waya? A Oktoba 2013 jaridar Washington Post ta wallafa takardun shirin MUSCULAR, inda aka ga hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suna tsotsar bayanai daga layukan da ke haɗa cibiyoyin Google da na Yahoo, har da zanen da ke nuna daidai inda ake cire sirrantawa a sabar gaba ta Google. Ba su fasa TLS ba, sun zagaya bayanta ne, kuma bayan haka kamfanonin suka gaggauta sirranta layukansu na ciki. Wannan ya amsa masu cewa netwok na cikin gida ba ya buƙatar komai. Sannan manhajarka yanzu adireshin wakili take gani, adireshin baƙo na gaskiya yana zuwa ne a wani kan saƙo da wakilin ya rubuta. In ƙofarta a buɗe take ga duniya, kowa na iya tsallake wakilin ya rubuta wannan kan saƙo da hannunsa, ya ce shi ne wanda ya ga dama. Wanda bai fahimci abin da ke faruwa tsakanin karɓa ta farko da ta biyu ba, ba zai iya saita wakilin daidai ba, domin tambayoyin da fayil ɗin saitin nginx yake yi masa su ne waɗanda muka bi tun ɗazu: wace siga, wane salo, wane wa'adi, wane satifiket, a tantance baƙo ko a'a.

Ga waɗanda za su yi aiki a Nijeriya, lamarin ya shiga doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan kariya da suka dace, ta kuma ambaci sirrantawa a cikinsu. Asibiti ko makaranta ko ƙaramin kamfanin kuɗi da ya ba ku aikin sabar, amanar marasa lafiya da ɗalibai da 'yan kasuwa ya damƙa muku.

Roƙona ga malamai shi ne a daina ba da maki don makulli ya fito a burauza. Ɗalibi ya kawo sabarsa, a buɗe mata haɗi a yi shiru a ga ko za ta ci gaba da karɓar wasu, a gwada ta da openssl s_client a kan TLS 1.0 a ga ko za ta ƙi, a zo mata ba satifiket inda ta ce tana tantancewa, a sauya mata satifiket tana gudana. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira malam, ku yi wa sabarku waɗannan gwaje-gwaje a daren yau kafin wani ya yi muku su daga waje.